Bakin Bagobiri da Kalmomin Turanci: Nazarin Furuci da Ma'ana a Sabon Birni da Isa

Yaron da ya tashi a Sabon Birni ko Isa, ko a garuruwan da ke kewaye da su irin su Gatawa, Tsamaye, Turba da Bafarawa, ba hannu rabbana yake shiga ajin Turanci ba. Kafin a koya masa kalmar farko, bakinsa ya riga ya ginu a kan Hausar Gobir, kunnensa kuma galibi ya sha karatun allo shekara da shekaru. Duk kalmar Turancin da malami ya rubuta masa, ta waɗannan hanyoyi biyu za ta bi kafin ta fito daga bakinsa, ta nan kuma ma'anarta za ta bi kafin ta zauna masa. Abin da wannan nazari yake son tabbatarwa shi ne, kurakuran ɗalibin wannan yanki suna da tsari, ana iya sanin inda za su ɓullo tun bai buɗe baki ba, kuma mafi yawan maganinsu yana cikin abin da ya riga ya iya, sai dai ba a cika waiwayarsa ba.

Sai an fara da ƙasar kanta. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 sarautar ta watsu. Wani reshe ya zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, a rabi na biyu na ƙarni na 19, Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, layin ya ratsa tsakiyar dangi ɗaya: Sabon Birni da Isa suka faɗo Nijeriya, Tsibiri da Gidan Runji da Madawa suka faɗa Nijar. Hausar baki ɗaya ce, harshen makaranta ya zama biyu. A nan yaro yana zuwa firamare da biro, a can ɗan'uwansa yana zuwa lakwal da bik, malaminsa kuma mushe. Tun watan Maris na 2025 dokar da mahukuntan Nijar suka kafa ta mayar da Hausa harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Saboda haka abin da za a faɗa a nan ya shafi Gobirawan ɓangarorin biyu.

Sautin da babu shi a gida

Matsalar da kowa ya sani ita ce ta "p" da "f". A Turanci ƙwayoyin sauti biyu ne masu raba ma'ana: "pan" daban, "fan" daban, haka "pull" da "full", "pill" da "fill", "copy" da "coffee". A Hausa gurbi ɗaya ne. Bakano yakan furta f da leɓɓansa biyu, wani lokaci ya busa ta, wani lokaci ya tsayar da ita kamar p, ma'anar kalmar ba ta motsawa. Bagobiri ya wuce nan. A bakinsa, kamar a bakin Basakkwace da Ba'adare, f ɗin ma ba ta zama: gaban wasalin a takan koma hw, gaban sauran wasula ta koma h. Shi ya sa ake jin hwara, hwaɗi, tahi, lahiya, kihi, hita. Ke nan littafin da ya ce Bahaushe yana musanya p da f rabin labari ya bayar game da yaron Isa. A wurinsa sautukan biyu duka sababbi ne, f ɗin da ya sani ma ta daidaitacciyar Hausa ce, a makaranta ko a rediyo ya tsince ta.

Kalmomin aro sun isa shaida. "Photo" da "powder" da sautuka daban-daban suka fara a Turanci, amma da suka shigo Hausa sai suka haɗu a wuri ɗaya, hoto da hoda. A ƙetaren iyaka kalmar Faransanci ta haraji, "l'impôt", ita ce ta zama lanho. Hanya ɗaya duka suka bi, daga p zuwa f, daga f zuwa h.

Akwai kuma mataki na biyu da ya fi ba ni tausayi. Da zarar ɗalibi ya gane akwai wani sauti p da ake yi masa dariya idan ya rasa shi, sai ya shiga zuba shi ko'ina: "fifty" ta koma pipti, "office" ta koma opis. Wannan alama ce ta yaro mai ƙoƙari, wanda ya ji akwai bambanci amma ba a nuna masa inda bambancin yake ba. Nunawar kuwa ba ta cin minti biyar. A ba shi guntun takarda ya riƙe dab da leɓɓansa. Ya haɗa leɓɓan biyu gam, ya sake su da iska, ya ce "pan": takardar za ta zabura. Ya ce "ban": da ƙyar za ta motsa. Sannan ya ɗora haƙoran gaba na sama a kan leɓen ƙasa, ya bar iska ta riƙa zirarowa, ya ce "fan". Idan leɓɓan biyu suka taɓa juna, ba f ta Turanci ya yi ba. Daga nan a ce ya dafa maƙogwaronsa da yatsa, ya riƙe bakin yadda yake, ya saki murya har ya ji ziza tana kaɗa yatsan. Ya samu "v" ke nan, sautin da Hausa ta saba mayarwa b, kamar a direba, talabijin, bidiyo da sabis. Wanda bai raba waɗannan ba, "vote" da "boat" kalma ɗaya ce a kunnensa.

Abin da allo ya riga ya koyar

Sautuka biyu da ake rubutawa "th" su ne na gaba. Bahaushe yakan mayar da su s da z: "think" ta zama "sink", "faith" ta zama "face", "breathe" ta zama "breeze". Mutanen kudancin Nijeriya t da d suke mayar da su. Farfesa Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya bi diddigin irin waɗannan bambance-bambance tsakanin Turancin Hausawa da na mutanen kudu. Amfanin sanin haka a aji a fili yake: darasin da aka tsara don gyara bakin yaron Ibadan ba zai taɓa ciwon yaron Gatawa ba.

Wannan ɗabi'a ta s da z ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Larabci ma yana da waɗannan sautuka biyu, ث da ذ, kuma haka Hausa ta yi musu tun ƙarnukan baya. Daga nan muka samu misali, hadisi da sawaba da s, muka samu zunubi, izini da zikiri da z. To amma ga inda alherin yake. Malaman tajwidi sun daɗe suna gyara wannan a bakin yara. Suna koyar da cewa mafitar ث da ذ kan harshe ce tare da gefen haƙoran gaba na sama, mafitar ف kuma cikin leɓen ƙasa ne tare da waɗannan haƙora. Wannan shi ne ainihin bayanin "th" ta "think", da "th" ta "this", da "f" ta Turanci, babu ragi babu ƙari. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta faro a 1986, ta taimaka wajen baza tajwidi har cikin Islamiyyun ƙauyuka. Sai ka tarar da yarinya da yamma tana fitar da ث tsaf a gaban malaminta, gari ya waye ta zo ajin Turanci ta ce "sank yu", don babu wanda ya taɓa ce mata sautin jiya shi ne na yau. Malamin Turancin da zai rubuta ث kusa da "think", ya rubuta ذ kusa da "this", ya rage wa kansa aikin zango guda.

Haka abin yake a tsawon wasali. Hausa tana raba gajere da dogo: garin da ake zama da garin tuwo, dafa abinci da dafa kafaɗa. Rubutun boko ba ya nuna wannan, ajami kuwa yana nunawa, kuma duk wanda ya wuce babbaƙu da farfaru ya san madda. Saboda haka "ship" da "sheep", "full" da "fool", "live" da "leave" ba su kamata su wahalar da Bagobiri ba, ko da yake a Turanci har da ɗan bambancin yanayin wasalin bayan tsawon. Kunnensa yana jin bambancin, sunansa kawai yake jira a faɗa masa.

Gaɓa, wasali da nauyin murya

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Baƙaƙe biyu ba sa cunkushewa a farkon gaɓa. Turanci kuwa yana jera uku a farko, kamar a "strong", ya jera uku ko huɗu a ƙarshe, kamar a "asked" da "texts". Maganin da Hausa ta samo shi ne cusa wasali, kuma garejin bakin tasha ya fi ko'ina nuna haka. Makanike yana kwance ƙarƙashin mota, yana kiran yaronsa ya miƙo sukurudireba, ya duba fulogi, ya shafa giris, ya taka birki, ya murza sitiyari. Kowace ɗaya an buɗe ta da wasali har ta zauna daidai bakin Bahaushe. A Hausa wannan daidai ne, ba a kuma taɓa shi. Damuwar tana zuwa ne idan ɗalibi ya ɗauki sukul da burodi ya koma da su cikin Turanci. Nan ma allo yana da kalmar da za ta taimaka, wato ɗauri: a ce masa s ɗin "school" ɗaure take, ba ta da wasali.

A ƙarshen gaɓa kuwa Bagobiri yana da wata gata. Masanin nan na Jamus, August Klingenheben, ya nuna a 1928 yadda wasu baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka narke a tarihin Hausa. A Kano ana cewa sauka, zauna, auduga, biyar. A yamma har gobe ana cewa sabka, zamna, abduga, biyat. Bakin da ya saba da sabka ba zai sha wuya da "subject" ko "submit" ba, wanda ya saba da biyat kuma ya san yadda ake rufe "cat" da "what" ba tare da ƙara i ba. Abin takaici, wannan karin harshe da ya adana tsohuwar siffa shi ne ake sa yara jin kunyarsa a makaranta, ana ce masa Hausar ƙauye.

Wasulan da ke da wuya na gaske kaɗan ne. Turancin Ingila yana da wasula kusan 20 idan an haɗa da tagwaye, Hausa tana da biyar gajeru, biyar dogaye, da tagwaye biyu, ai da au. Gajeren e a rufaffiyar gaɓa yakan karkata zuwa a, shi ya sa ake jin fenti da fanti, benci da banci, shi ya sa kuma "pen" da "pan", "men" da "man" suke rikicewa. Wasalin "bird", "nurse" da "work" babu shi sam, a ne yake maye gurbinsa, kamar yadda nas ta nuna. A ɗaya ɓangaren, gajeren a na Hausa ya yi kusa ƙwarai da wasalin "cup" da "but", wanda yake ba mutanen kudu wahala.

Sai nauyin murya. Hausa da karin sauti take aiki, kukan yaro daban, kukar miya daban, amma kowace gaɓa ana ba wasalinta haƙƙinsa. Turanci yakan danna gaɓa ɗaya ya raunana sauran har wasalinsu ya kusa ɓacewa. "Record" idan an danna farko suna ce, idan an danna ƙarshe aikatau ce, haka "present" da "object". A "photograph" nauyin yana gaɓar farko, a "photography" ya koma ta biyu, a "photographic" ya koma ta uku. Baturen da ya ji an sauya wurin nauyin yakan kasa gane kalmar ko da kowane baƙi ya fita daidai. Don haka duk kalmar da za a rubuta wa ɗalibi, a ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa tun ranar farko.

Rubutun Turanci shi ma yana da nasa laifin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara wa yaro da harshen gida, kuma bokon Hausa kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. Yaron da ya koyi c a cikin ciki da cokali, in ya ga "cat" zai karanta "chat", kuma hankali ne ya kai shi. Turanci yana da haruffa 26 da sautuka kusan 44. Rubutunsa ya fara daskarewa bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a 1476, a daidai lokacin da furucin dogayen wasulansa yake sauyawa. Daga baya masana suka cusa b a "debt" don ta yi kama da asalinta na Latin. Ga "listen", "sword" da "plumber" da haruffan da ba a furtawa, ga "though", "through", "tough" da "cough" da ƙarshe iri ɗaya, furuci huɗu. Gaya wa ɗalibi wannan tarihi yana cire masa zaton cewa kansa ne ba ya ja.

Su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka yi Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, sun shahara da tsabtar Turanci domin an zaunar da su an gyara musu baki sauti bayan sauti. Yau kuwa jarrabawar WAEC ta furuci ba da baki ake yin ta ba, tambayoyi 60 na zaɓi. Ɗalibi yana iya haddace alamomin sauti ya ci, alhali bai taɓa furta ko ɗaya an saurare shi ba. A ganina wannan ne ya mayar da darasin furuci abin kwafa a littafi.

Ma'ana

Hanyar da aka fi bi wajen koyar da ma'ana ita ce jeri biyu a allon aji, Turanci a hagu, Hausa a dama, yara su kwafa. Jerin yana koya wa yaro cewa kowace kalma tana da tagwaiyarta guda a ɗaya harshen, kuma ba haka harsuna suke ba. An ce masa sha "drink" ce. Amma Bahaushe yana shan ruwa, ya sha magani, ya sha taba, ya sha rake, ya sha iska, ya sha wahala, Turanci kuwa aikatau daban yake ba kusan kowanne. An ce masa ji "hear" ce, sai ya ji wari da ita, ya ji sanyi da ita, ya ji Turanci da ita. Ara da ara wa tushe ɗaya ne a Hausa, shi ya sa "borrow" take cinye gurbin "lend". Hannu ya haɗa "hand" da "arm", ƙafa ta haɗa "foot" da "leg", baƙo ya haɗa "guest" da "stranger". A wasu wuraren Hausa ce ta fi rarrabewa: "uncle" ɗaya ba ta raba kawu da baffa, "aunt" ba ta raba gwaggo da inna, "brother" ba ta faɗin wa ne ko ƙane. Damina, kaka, hunturu da bazara kuwa lokutan ƙasarmu ne, ba su hau kan lokuta huɗu na Ingila ba, komai son mai fassara ya jera su.

Kalmomin aro sun fi yaudara, saboda yaro yana ganin ya riga ya san su. Mota daga "motor" take, amma a Turanci "motor" injin ne. Mashin a nan babur ne, "machine" kuwa kowace na'ura. Waya daga "wire" ta fito, kanti daga "canteen", tasha daga "station", yadi daga "yard", kowacce ta kama sabuwar ma'ana bayan ta zama Hausa. Ya kamata a ware musu darasi na kansu, a nuna wa yaro inda suka rabu da iyayensu. Wanda ya taɓa zama lakwal yana da ƙarin tarko, domin "librairie" ta Faransanci shagon littattafai ce, "library" kuwa ɗakin karatu, "attendre" jira ne, "attend" kuwa halarta.

A wannan yanki ma'anar kalma takan wuce maganar jarrabawa. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa, wasu zuwa cikin garuruwan biyu, wasu zuwa jihar Maraɗi. Hausa duka 'yan gudun hijira take kiransu. A takardun hukumomin agaji kuwa "refugee" shi ne wanda ya ƙetare iyakar ƙasa, wanda ya gudu amma bai bar ƙasarsa ba "internally displaced person" ne, kuma doka da tsarin tallafin kowanne daban. Mutum biyu daga ƙauye ɗaya, ɗaya ya yi arewa ɗaya ya yi kudu, sunansu ya bambanta a takarda. Sau da yawa ɗan sakandare ne ake kira ya cike wa dattijai fom, ko ya karanta abin da aka rubuta a kwalin magani. Yaron da aka koya wa kalma a cikin jimla, tare da wurin da ake amfani da ita, shi ne zai fitar da su kunya.

Ƙamusoshi suna nan, sai dai a san na wane ne. Na G. P. Bargery na 1934 taska ce, har siffofin Sakkwato da Gobir da Katsina ya kawo, amma shi da na R. C. Abraham na 1949 galibi daga Hausa suke zuwa Turanci. Na Roxana Ma Newman na 1990 daga Turanci yake zuwa Hausa, yana kuma rarrabe ma'anoni da misalai, sai dai furucin Hausa yake nunawa, don mai koyon Hausa aka fi yin sa. Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965, shi ne ya fi fuskantar Bahaushe mai koyon Turanci, ga shi ya tsufa. Ƙamus na waya mai furta kalma ya toshe wani giɓi, amma yakan ba da furuci biyu, na Ingila da na Amurka, kuma na Ingila jarrabawa take bi. Sannan sabis ba abin dogaro ba ne a nan: a Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu. Abin da aka sauke a katin waya, wanda ake iya tura wa juna ba tare da intanet ba, shi ne zai yi aiki ko makaranta tana rufe.

Kirana ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sassan Hausa da Turanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su haɗa hannu su fitar da ɗan littafi na kalmomi dubu ɗaya ko biyu da aka fi buƙata, kowace da jimlolinta, da gaɓar da ake dannawa, da muryar da aka naɗa, a gina shi a kan Hausar yamma. Kafin wannan ya samu, malam mai koyar da Turanci a Isa ko Sabon Birni, ka nemi malamin tajwidin unguwarku ku zauna, ya nuna maka yadda yake gyara bakin yaran nan da kuke koyarwa tare, ka kuma daina wuce kalma a aji sai kowane yaro ya furta ta ka ji da kunnenka.